Ƙullin Shan Iska: Yadda Ake Karanta Lambarsa Kafin A Rufe Abinci

Jawabin da wani jami'in watsa labaru na Tarayya ya yi wa manoma da 'yan kasuwar hatsi da ƙungiyoyin mata a Gubi, kusa da birnin Bauci, da kaka.



Ina godiya ƙwarai da kuka bar ayyukanku kuka taru, alhali kuwa na san wannan lokaci ne da manomi ba shi da hutu. Wake ya shigo gida, gero na ɗaure, masu dawa suna jiran tasu. Kowa a nan ya san noma iri biyu ne, akwai na gona akwai na rumbu, kuma sau da yawa mutumin da ya ci nasara a na farko yakan sha kaye a na biyu. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa ta duniya noman wake, Nijar na biye da ita, amma wanda ya taɓa kwance buhunsa a watan Maris ya tarar kowace ƙwaya ta huje, gari na zuba ta gindin buhu, ba ya bukatar a gaya masa cewa yawan noma dabam, yawan abinci dabam.

Abin da ya kawo ni yau ƙarami ne a ido. Ga shi a hannuna, bai fi ƙullin gishirin da ake sayarwa a bakin kasuwa ba. Ya fara shigowa hannun masu sayar da kayan ajiyar abinci a manyan garuruwa, 'ya'yanmu kuma suna ganinsa a waya suna yin oda. Aikina na yau da kullum fassara ne, saboda haka sai da na kwana biyu ina neman sunan da zan kira shi. Masu yin sa suna kiransa da suna mai ma'anar abin da ke shanye oksijin. Ni dai na tsaya a kan "ƙullin shan iska". Sunan bai cika daidai ba, domin ba dukkan iskar yake sha ba, wani sashe nata kaɗai yake ɗauka, kuma wannan ɗan bambanci shi ne kusan rabin maganarmu ta yau.

Iskar da muke shaƙa gauraye take. In ka raba ta kashi ɗari, wajen kashi 78 wata iska ce da ake kira naitirojin, wadda ba ta ƙona kome ba ta kuma raya ƙwaro. Wajen kashi 21 kuwa oksijin ce, watau kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ita ce ke riƙe da numfashin mutum da na dabba da na ƙwaro, ita ke sa wuta ta ci, ita ke sa fartanya ta yi tsatsa in an bar ta a ruwan sama, ita kuma ke sa mai ya canja ɗanɗano in ya daɗe. Masu haƙar rijiya sun san ta tun kafin a raɗa mata wannan suna. In suna shakkar tsohuwar rijiya sai su zura fitila, in ta mutu ba mai shiga.

To, abin da ke cikin wannan ƙulli garin baƙin ƙarfe ne, da ɗan gishiri, da abin da ke riƙe ɗan danshi. Takardar da aka naɗe shi da ita tana barin iska ta shiga, ba ta barin garin ya fito. Da zarar iska ta taɓa shi sai ƙarfen ya fara tsatsa, yana kama oksijin yana ɗaure ta, har ka ji ƙullin ya yi ɗumi a tafin hannunka. Iyakar sirrin ke nan, tsatsa ce aka sa ta aiki. Kamfanin Mitsubishi Gas Chemical na ƙasar Japan ne ya fara fito da irinsa kasuwa a shekarar 1977 da sunan Ageless, daga nan ya bazu duniya. Ba guba ba ne, ba ya kashe ƙwaro da wari ko da hayaƙi. Numfashi yake ƙwace masa.

Yanzu ga inda ake asarar kuɗi. A jikin kowane ƙulli, ko a jikin ledar da aka zubo su, za ku ga lamba da haruffa biyu a gefenta, "cc", ana karanta su "si-si". Ba sisin kwabo na zamanin iyayenmu ake nufi ba. Ma'auni ne na yawan wuri, irin wanda kuke gani a jikin sirinjin allura a asibiti, ko kuke ji in ana maganar girman injin babur. Ƙaramin cokalin shayi cc 5 ne. Ledar ruwan sha da aka rubuta wa 50cl, cc 500 ke nan. Lita ɗaya cc 1,000 ce. Akwai ƙulli mai cc 50, da mai 100, da mai 300, da mai 500, da mai 1,000, har mai 2,000.

Lambar nan tana faɗin yawan oksijin da ƙullin zai iya sha kafin ya ƙoshi. Ba ta faɗin girman mazubin da za a sa shi, ba ta kuma faɗin nauyin abincin. Giram ɗaya na baƙin ƙarfe yana iya ɗaure oksijin wajen cc 300, in ya gama tsatsa kuwa ya gama, ko ka bar shi shekara ba zai ƙara ɗigo ba. Ku ɗauke shi kamar tulu. Tulu yana da iyakar abin da yake ci, in ya cika sauran ruwan ƙasa zai bi, kome kyawun tulun. Amma lalle ne mai saye ya tambaya ya kuma karanta takardar da ta zo da kayan, domin in mai sayarwa ya ce maka "wannan na lita ɗaya ne", kana da haƙƙin sanin ko litar iska yake nufi, ko litar mazubi, ko ta oksijin zalla. Tsakanin litar iska da litar oksijin akwai ninki biyar.

Bari in ba ku labarin abin da ya same mu a gida. Wata yayata ce ta sayi wake da kaka ta cika jarkoki huɗu masu lita ashirin-ashirin, tana nufin ta sayar kusa da damina. Ɗanta ya kawo mata ƙullin shan iska masu cc 100, mai kayan ya ce masa ɗaya ya isa jarka. Ta jefa ɗaya-ɗaya, ta murɗe marafai. Marafan ma biyu daga ciki ba su da robar bakinsu. Bayan wata uku biyun nan sun zama gidan ƙwari, ta kuwa rantse cewa an sayar mata da jabu. Da na zauna na yi lissafi sai na ga wataƙila kayan ba su da laifi ko kaɗan. An dai aiki yaro ya kwashe tafki da ludayi.

Ga lissafin, kuma ina roƙon 'yan makarantar da ke cikinmu su rubuta don su maimaita wa iyayensu. Jarkar da ta cika da wake ba wake ne kaɗai a cikinta ba. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai fili, filin nan kuwa iska ce. A wake da masara da dawa da shinkafa yakan kai wajen kashi 40 cikin ɗari na mazubin, wani ya ɗara kaɗan wani ya gaza. Wanda bai yarda ba ya gwada, gani ya kori ji. Ka cika kwalbar lita ɗaya da wake, ka zuba ruwa da hanzari har ya kawo baki, sa'an nan ka tsiyaye ruwan ka auna. Za ka samu wajen cc 400. Wurin da ruwan ya zauna, da iska ce ke zaune. Waken gwajin dai a kai shi tukunya, kada a mai da shi cikin na ajiya.

Saboda haka jarka mai lita 20, wadda ke cin wake wajen kilo 15 ko 16, tana ɓoye da iska lita 8 a tsakanin ƙwayoyi. Ka ƙara lita 1 ta wuyan jarka da hannunta inda wake ba ya kaiwa, lita 9 ke nan, watau cc 9,000. Kashi 21 cikin ɗari na wannan shi ne cc 1,890 na oksijin. Wanda ba ya son dogon lissafi ya raba iskar gida biyar ya ɗauki ɗaya, zai samu 1,800, ya ƙara ɗan abu a kai. Ashe jarkar yayata tana bukatar ƙulli mai cc 2,000 guda ɗaya, ko masu 300 guda bakwai, ko masu 100 guda goma sha tara. Ita kuwa ɗaya ta sa. Ƙullin ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya rage oksijin daga kashi 21 zuwa wajen kashi 20, abin da ƙwaro ko a jikinsa. Sauran jarkoki biyun da suka tsira, marafansu ne suka cece su, zan kuwa dawo kan dalilin.

Akwai abin da ke ba mutane mamaki a nan. In jarkar rabi ce, watau wake lita 10 kaɗai ka zuba, to, iskar da ke tsakanin ƙwayoyi lita 4 ce, fankon da ke sama kuma lita 10, jimla lita 14. Oksijin da ke ciki cc 2,940 ke nan. Wake ya ragu da rabi, ƙullin da ake bukata ya ƙaru da fiye da rabi. Fanko ne ke cin kuɗi. Don haka a cika mazubi taf, a girgiza, a buga gindinsa a ƙasa, a ƙara, har sai ya ƙi karɓa. In abincin bai isa ya cika jarka ba a nemi abin da ya fi ta ƙanƙanta.

Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, in an cika ta da shinkafa ko wake, iskarta ba ta wuce cc 650 ba, oksijin wajen 137. Mai cc 100 ya yi kaɗan, biyu sun isa, mai 300 ya wadatar. Duro mai lita 200 kuwa yana ɗauke da iska wajen lita 80, oksijin cc 16,800, sai ka tara masu 2,000 guda tara. Gari yana ruɗin ido. Kana ganinsa kamar ba fili a cikinsa, alhali rabin mazubin ko fiye iska ce, shi ya sa in kin danna gari a kwano yake lotsawa. Taliya da busasshiyar kuɓewa da barkono sun fi wake fili nesa ba kusa ba, a lissafa musu kamar mazubin ya kusa zama fanko. In ana shakka a ɗara, domin ƙullin da ya wuce kima ba ya ɓata busasshen abinci, aljihu kaɗai yake taɓawa. Wanda ya gaza kuwa kuɗinsa duka ya tafi a banza.

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan abu ɗaya, watau cewa sabuwar iska ba ta shiga. Ƙullin da aka sa cikin buhun algarara ko ledar cefane yana ƙoƙarin shanye iskar garin Gubi ne baki ɗaya, kafin gari ya waye ya mutu. Siririyar leda, ko ba ta da huji, oksijin na ratsa ta a hankali. Kwalbar gilashi mai marfin ƙarfe da roba a bakinsa, da gwangwani mai rufuwa sosai, da duron ƙarfe mai murɗaɗɗen marfi, da jakar nan mai walƙiya da aka yi wa shafen gorar ruwa a ciki wadda ake liƙe bakinta da dutsen guga, su ne suka fi riƙewa. Gorar ruwan sha mai garai-garai ita ma tana yi in marfinta lafiyayye ne. Jarkar roba tana yi na watanni, amma jikinta na barin 'yar iska ta ratsa sannu a hankali, saboda haka ni a ganina mai jarka ya ƙara cc 500 a kan lissafinsa, ya kuma sa leda mai kauri a bakin kafin ya murɗa marfi. Jarka ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi, kada ya kusanci abinci kome wankin da aka yi masa.

Ƙullin kansa yana da gajen haƙuri. Daga lokacin da ka fasa ledar da ya zo a ciki ya fara aiki, ba ya sanin iskar ɗaki ce ko ta jarka. Saboda haka a gama cika mazubai tukuna, a jera marafai, sa'an nan a fasa, a jefa, a rufe, duka cikin minti goma sha biyar zuwa talatin. Waɗanda suka saura a cusa su cikin ƙaramar kwalba mai rufuwa nan take. Sabon ƙulli in ka murza shi za ka ji gari mai laushi yana motsi, wanda ya mutu kuwa ya dunƙule ya yi tauri. Wasu ledojin suna zuwa da 'yar ƙwaya mai nuna alama, ruwan hoda in iska ba ta shiga ba, ta juya shuɗiya in ta shiga. Wanda ya miƙo maka ƙulli tsirara daga cikin faranti ko buɗaɗɗen kwali, tsatsa yake sayar maka, ka bar masa abinsa.

Bayan kwana ɗaya ko biyu za ka ga gefen jarka ko na gora ya ɗan shige ciki. Alama ce mai kyau. Amma kada wanda jakarsa ba ta manne kamar dutse ba ya ce abin bai yi ba. Ku tuna kashi ɗaya cikin biyar kaɗai ake cirewa, sauran huɗun suna nan. In mazubi ya rufu kuma lissafi ya yi daidai, oksijin takan sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu. A bar shi aƙalla mako biyu ba buɗewa, domin manyan ƙwari suna saurin mutuwa amma ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwaya sun fi jimiri. Duk ranar da aka buɗe don a ɗibi na miya ko a nuna wa baƙo, lissafi ya koma farko, sai sabon ƙulli.

Yanzu in faɗi abin da mai sayar da ƙulli ba zai so in faɗa ba. Manomin da ke da buhu goma na wake ba lalle ne ya sayi ko ɗaya ba. Na ce muku jarkoki biyu na yayata sun tsira. Dalili kuwa shi ne ƙwarin da suka shigo da waken daga gona su ma numfashi suke yi. In ka toshe musu ƙofa, da bakinsu za su cinye oksijin da ke ciki. Kakanninmu ba su san sunan iskar ba, amma masu yaɓe bakin rufewa da laka, da mutanen Barno masu binne hatsi a rami, da tsofaffin da ke cakuɗa iri da toka ko yashi har ya cike filin da ke tsakanin ƙwayoyi, duk a kan wannan hanya suke. A ƙarshen shekarun 1980 masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, cikinsu har da Farfesa Larry Murdock, tare da masu binciken aikin gona na Kamaru a Marwa, suka gwada ajiye wake cikin leda uku, ɗaya cikin ɗaya. Daga nan aka samu buhun PICS, mai ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya a shekarar 2007, aka kuma riƙa yin sa a Kano. Masu bincike a Maraɗi sun yi aiki mai yawa wajen gwada shi a ƙauyuka. Wani abin sha'awa da binciken Murdock da abokan aikinsa ya nuna a shekarar 2012 shi ne, ƙishirwa na cikin abin da ke kashe ƙwaron. Ba ya shan ruwa, jikinsa ne ke sarrafa ruwa daga abincin da ya ci tare da oksijin. In oksijin ta yi ƙasa sai ya daina ci, ruwan ya yanke, ya bushe.

Saboda haka ga buhunan wake da masara da dawa na sayarwa, buhu mai hana iska ko duro mai rufuwa ya wadatar, ya kuma fi araha. Ƙullin shan iska yana da amfani ne inda ba a son jiran ƙwari su yi wa kansu aikin, ko inda ba ƙwari ne kaɗai abin tsoro ba. Misali gari, da farar shinkafa, da irin shuka mai tsada da aka busar sosai, da busassun kayan miya da ake son su riƙe launi da ƙamshi, da kayan matan da ke ƙulla garin kunu ko yaji suna aikawa Ikko da Abuja. Haka kuma maigidan da ke son ya keɓe wani abu na shekara biyu ko uku saboda ɓacin rana. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar in yi musu bayanin ɓacin rana. A Amurka masu bincike sun buɗe rufaffun gwangwanayen alkama da farar shinkafa da suka yi wajen shekara talatin suka tarar ana iya ci, amma a wuri mai sanyi aka ajiye su. Zafin Afrilu na ƙasar Bauci, musamman a ɗaki mai rufin kwano, yana tsofar da hatsi ko da babu ɗigon oksijin, wake kuma in ya tsufa cikin zafi yakan ƙi dahuwa. Kada wani ya yi muku alkawarin shekara talatin a nan. A nemi ɗaki mafi sanyi a gidan, a ɗora mazubai a kan katako, nesa da rana da ɓera.

Akwai gargaɗi guda wanda in kun manta da dukkan lissafin nan ina roƙo kada ku manta da shi. Ƙullin nan na busasshen abinci ne ƙarau. Akwai wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa, wadda ba ta son oksijin, ba ta tasowa sai inda ba iska kuma akwai danshi. Gubar da take fitarwa tana shanye jijiyoyi, ta fara da ganin abu bibbiyu da nauyin fatar ido da wuyar haɗiya, ta kai ga tsai da numfashi, kuma sau da yawa ba ta sa abinci wari balle a gane. Saboda haka kada a rufe kifi banda, ko naman da bai bushe sarai ba, ko daddawa mai laushi, ko ɗanyen kayan lambu da wannan ƙulli a gida. Kamfanonin da ke sa shi cikin busasshen nama suna da na'urar auna danshi, mu ba mu da ita. Hatsin da za a rufe a kowane mazubi mai hana iska kada danshinsa ya wuce kashi 13 cikin ɗari, masu shirya ajiya ta shekaru kuwa sun fi son kashi 10 ko ƙasa. Allah ya ba mu hunturu, shanyar kwanaki a kan tabarma ko tamfol tana kai mu can. In ka ciji ƙwaya ta fashe da ƙara, ta kusa. In kana son ƙarin tabbaci, ka zuba ɗan hatsin da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin gilashi a koma shanya. Masara ko gyaɗar da ta riga ta yi fumfuna kuwa, rufewa na iya hana fumfunar ƙaruwa, amma ba ta cire gubar da ta riga ta shiga. A tsince a zubar tun kafin a rufe.

Gishiri da sukari ba su bukatarsa, sai ma ya sa su dunƙule. Kada kuma a rikita shi da ƙullin nan mai 'yan duwatsu farare da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi ko na magani, shi danshi yake sha ba ruwansa da oksijin. Duka biyun ba na ci ba ne. Iyayenmu mata, in an buɗe mazubi a cire ƙullin a jefa shi inda yaro ko akuya ba za su kai ba, in kuwa yaro ya haɗiyi garin a kai shi asibiti tare da takardar ƙullin.

Wani zai ce, duk wannan wahala don me, ga fiya-fiya a kasuwa da arha. Amsar tana cikin abin da ya faru a shekarar 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya saboda yawan wannan magani da aka samu a jikinsa, alhali haddin da suka yarda da shi miligiram 0.01 ne a kilo. A shekarar 2016 suka ƙara wa'adin da shekara uku. Waken da Turai ta ƙi bai ɓace ba, irinsa ne ke shiga ƙosai da alalar 'ya'yanmu. Haka nan ƙwayar nan mai fitar da iskar guba da wasu ke jefawa cikin buhu, aikin waɗanda aka horar ne, kuma ba a ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da ake kwana ko a jikin bangonsa. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na shirin bunƙasa aikin gona na Jihar Bauci da ke yankinsa. Akwai kuma Cibiyar Binciken Ajiyar Amfanin Gona ta Tarayya, mai hedkwata a Ilori da ofishi a Kano, ga kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke maƙwabtaka da ku a nan Gubi.

Shugaban taro, na ga rana ta ɗaga. An kawo mana jarka mai lita 20, da kwalbar lita ɗaya, da wake, da ruwa. Ina son mutum biyu su fito, namiji ɗaya mace ɗaya, waɗanda suka fi kowa shakkar maganata. Ɗaya ya cika kwalbar da wake, ɗaya ta zuba ruwan ta auna, sauran jama'a kuma su faɗa mana ƙulli nawa masu cc 300 jarkar nan za ta ci. Bayan haka sai tambayoyi.